Yadda manhajojin kyauta ke ba ɗalibin Talata Mafara damar zana allon lantarki da kansa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban mai gyaran rediyo ko inbata a kasuwar Talata Mafara ya ga wani ɗan koren allo a cikin na'urar, mai siraran layukan jan ƙarfe da ƙananan kaya a manne a jikinsa. Masu gyara suna ce masa fanel. Idan ya ƙone, hukuncin da ake yanke wa mai kaya yawanci ɗaya ne: sai an aika Kano ko Legas an nemo wani, idan ba a dace ba kuma a jingine na'urar.

Abin da jama'a da dama ba su sani ba shi ne, zana irin wannan allo ya daina zama aikin manyan kamfanoni kaɗai. Akwai manhajojin kwamfuta da kowa zai iya saukewa ba tare da biyan ko sisi ba, ya zana da'irar lantarki, ya gwada ta a kan kwamfuta kafin ya sayi kaya, sannan ya fitar da taswirar allon da masana'anta za ta buga masa. Wannan batu ya shafi yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun kai-tsaye, domin yanki ne da ke da makarantar koyon aikin injiniya, da babban aikin noman rani, da kuma ƙarancin wutar lantarkin da ya sa sola da batir suka shiga gidaje da shaguna.

Kyauta daban, buɗaɗɗiya daban

Ba kowace manhajar kyauta ba ce buɗaɗɗiya. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda masu ita suka fito da asalin rubutun da aka gina ta da shi, suka kuma ba da izini a rubuce cewa kowa na iya amfani da ita, ya kwafe ta, ya gyara ta, ya raba wa wasu. Manhajar LTspice ta kamfanin Analog Devices, alal misali, kyauta ce kuma injiniyoyi na yabonta, amma rubutunta na hannun kamfanin, shi ke da ikon ci gaba da ita ko dakatar da ita.

Wanda ke ganin wannan bambanci na malamai ne kawai, ya dubi abin da ya sami manhajar EAGLE. Shekaru da dama ita ce ɗalibai da masu ƙananan sana'o'i suka fi dogaro da ita wajen zanen allo. Kamfanin Autodesk na Amurka ya saye ta a 2016, ya mayar da ita ta biyan kuɗin haya, sannan a 2023 ya sanar da cewa zai daina tallafa mata a watan Yunin 2026. Makarantar da ta gina darussanta a kanta dole ta sake lale.

Wadda ta fi fice a cikin buɗaɗɗun ita ce KiCad. Wani malamin jami'a a birnin Grenoble na Faransa, Jean-Pierre Charras, shi ya fara rubuta ta a 1992. A shekarar ce kuma aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta Talata Mafara, lokacin ana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, wadda yanzu ke ɗauke da sunan marigayi Injiniya Abdu Gusau. KiCad ta daɗe ana yi mata kallon manhajar 'yan koyo, har sai da cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janiba ta fara sa hannu a gina ta a 2013. Fitowa ta shida ta zo a ƙarshen 2021, ta tara kuma a watan Fabrairun 2025. Tana aiki a kan Windows da Linux da Mac, kuma tana iya zana allo mai hawa 32 na jan ƙarfe, alhali yawancin abin da ake buƙata a gida hawa ɗaya ko biyu ne.

Daga zane zuwa gwaji

Bari mu ɗauki misalin da kowane mai sola ya san zafinsa. Batirin mai bolt 12, irin mai ruwa, yana saurin mutuwa idan ana tatsar sa har ƙarshe kowane dare. A ce ɗalibi yana son ƙera 'yar na'urar da za ta katse fitilu da fanka da zarar ƙarfin batir ya sauko zuwa bolt 11.5.

Matakin farko shi ne zanen da'ira. A nan ba a damu da siffar allo ba tukuna. Ana jera alamomin kayan, wato resista da kafasita da tiransista da ƙaramar ƙwaƙwalwa irin ta Arduino, a ja layin da ke nuna wane ne ke haɗe da wane. KiCad na da dubban alamomi a ajiye, tana kuma da mai binciken kuskure da zai yi gargaɗi idan an bar wata ƙafa ba a haɗa ba.

Mataki na biyu shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi ceton kuɗi. Gwajin da'ira a kwamfuta ya samo asali ne daga manhajar SPICE da Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fitar a 1973. Jikarta buɗaɗɗiya, ngspice, tana cikin KiCad tun fitowa ta biyar a 2018. Aikinta shi ne ta lissafa ƙarfin wuta da yawan wutar da ke bi ta kowane lungu na da'irar, ta nuna shi a zane.

Ga yadda abin ke amfani. Ƙwaƙwalwar Arduino ta gama-gari ba ta karɓar abin da ya wuce bolt 5, batir kuwa yana kai wa 14.4 idan yana caji. Don haka ake haɗa resista biyu su rage ƙarfin, a ce mai om 10,000 da mai om 4,700. Da su, bolt 14.4 zai koma 4.6, bolt 11.5 kuma ya koma kusan 3.7. A takarda komai daidai ne. Sai dai resista mai arha tana iya kauce wa lambar da aka rubuta mata da kashi 5 cikin 100. Idan ta farko ta gaza, ta biyu kuma ta zarce da wannan adadi, na'urar ba za ta katse wuta ba sai batir ya faɗo kusan bolt 10.8, wato dai ta bar shi ya sha wahalar da aka ƙera ta don ta hana. Ɗalibin da ya sauya lambobin a kwamfuta zai ga haka cikin 'yan mintoci, ya san cewa ko dai ya nemi resista mai kashi 1 cikin 100, ko ya tanadi hanyar daidaita ma'aunin bayan haɗawa.

Haka idan aka ce a ƙara wa na'urar wurin cajin waya ta amfani da sanannen abin rage wutar nan mai lamba 7805. Sauko da bolt 14.4 zuwa 5 a kan rabin amp yana nufin wat 4.7 za su zama zafi a jikin ɗan abin da bai fi kan yatsa ba. In ba a ɗaura masa ƙarfen sanyaya ba, zai yi zafi har ya kashe kansa.

Akwai wani abu da ya kamata malaman yankinmu su riƙa tuna wa ɗalibai. Idan ba a faɗa mata ba, ngspice tana ɗauka cewa zafin wurin da na'urar ke aiki digiri 27 ne. A Maradun ko Bakura, cikin watan Afrilu, zafin inuwa ma yana haura 40, balle cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin rufin kwano. Layi ɗaya ake rubutawa a sauya wannan lamba, kuma bai kamata a karɓi aikin ɗalibi ba sai ya nuna sakamakon gwaji a irin zafin garinsu.

Shimfiɗa allo da buga shi

A mataki na uku ne zane ke komawa abin da za a riƙe a hannu. Ana tsara inda kowane kaya zai zauna, a ja hanyoyin jan ƙarfe a tsakaninsu ba tare da sun haɗu inda bai kamata ba. Faɗin hanya ya danganta da wutar da za ta ɗauka. A allo na gama-gari, amp 1 yana buƙatar faɗin kusan milimita 0.3, amma amp 10 sai ya kai kusan milimita 7. Hanyar da ta yi siriri fiye da kima ita ce ke zama baƙin tabon da mai gyara ke nuna wa mai kaya. KiCad na da ma'aunin lissafa wannan, tana kuma nuna hoton allon ta kowace fuska kafin a buga shi.

Daga nan hanya biyu ce. Ana iya buga zanen da firinta mai aiki da garin tawada a kan takarda mai sheƙi, a manna shi a allon jan ƙarfe da dutsen guga, a tsoma a sinadarin da ke cinye jan ƙarfen da tawada ba ta rufe ba. Ya wadatar ga allo mai hawa ɗaya da aikin aji. Ko kuma a fitar da fayilolin da ake kira Gerber, waɗanda masana'antun allo a duniya ke karantawa, a aika wa kamfanoni irin su JLCPCB ko PCBWay a ƙasar Sin. Ƙananan alluna guda biyar ba sa wuce 'yan daloli kaɗan. Kuɗin jigila zuwa Najeriya ne ke ninka na bugawar, shi ya sa ya fi dacewa ajin ɗalibai ko ƙungiyar masu gyara su haɗa odarsu wuri guda.

Darasin Bakolori

Mutanen wannan yanki sun san illar na'urar da ba a iya gyara ta a gida. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato a 1978, kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina ta, da nufin shayar da kimanin hekta 23,000 a ƙasashen Maradun da Talata Mafara da Bakura. Kaso mafi girma na filin an tsara shi ne a kan ban-ruwan feshi, wanda ya dogara da injinan tura ruwa da wutar lantarki da kayan gyara daga waje. Wannan ɓangare ne ya durƙushe, yayin da ɓangaren da ruwa ke gangarawa da kansa ta magudanai ya ci gaba da aiki. Sai da aka shigo da shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, domin farfaɗo da aikin.

Babu mai cewa manhajar kwamfuta za ta tayar da manyan injinan madatsa. Amma yanzu ƙananan injinan ban-ruwa masu sola da rijiyoyin burtsatse suna ƙaruwa, kuma kowanne yana da akwatin sarrafawa mai allo a ciki. Na'urar da ke kashe injin idan tanki ya cika, ko idan rijiya ta ƙafe, ba ta fi ƙarfin mai diflomar injiniyan lantarki ba. Ba ma sai ya faro daga tushe ba, domin akwai ayyuka irin su Libre Solar na Jamus da suka saki cikakken zanen na'urar daidaita cajin sola a tsarin KiCad, kowa ya buɗe ya nazarta.

Wata fa'idar kuma ita ce, da zarar an saka KiCad a kwamfuta ba ta neman intanet ko lambar lasisi. Zamfarawa ba su manta da watan Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. A irin wannan hali, manhajar da ke aiki a kan intanet ta tsaya ke nan. Fayil ɗin saka KiCad a Windows ya kai kimanin gigabait ɗaya, amma mutum ɗaya ne zai sauke shi, sauran su kwafa a filash, kuma doka ta yarda. Wannan ya bambanta da kwafin sata na manhajojin kuɗi da ke yawo a kwamfutocin ɗalibai a ƙasar nan, waɗanda kan zo da ƙwayoyin cutar kwamfuta, kuma ba a iya gina halastacciyar sana'a a kansu.

Inda gizo ke saƙa

Gwajin kwamfuta yana aiki ne da bayanan da aka ba shi. Idan tiransistar da aka sayo a kasuwa jabu ce, lissafin da aka yi da bayanan ta ainihi ba zai hana ta ƙonewa ba. Saboda haka mita da abin narka dalma suna nan a matsayinsu. Manhajar kuma babu ta da Hausa, kuma makonnin farko na koyonta suna da wuya. Sannan duk allon da zai taɓa wutar gida mai bolt 230 ba wurin gwajin ɗan koyo ba ne, sai da idon ƙwararre.

A ganin wannan marubuci, babban abin da ya rage yana hannun masu sa hannu a takardun kwangila. Ma'aikatar da za ta sayi fitilun titi masu sola ko akwatunan sarrafa rijiyoyi tana iya rubuta sharaɗin cewa ɗan kwangila ya miƙa zanen da'ira da jerin kayan da ke kan allon, a ajiye kwafi a ma'aikatar, a ba sashen lantarki na kwalejin Abdu Gusau wani. Idan allo ya ƙone bayan shekara biyu, mai gyara a Talata Mafara zai buɗe zanen ya ga lambar abin da ya lalace, in kuma allon ya wuce gyara, a aika fayil ɗin a bugo sabo.