Me Ya Kulle Bakin Sojan?

Sojojin Amurka da suka dawo daga Iraƙi da Afganistan sun zo wa likitoci da wani lamari mai ɗaure kai. Mutum ne garau a ido, ba hannu ba ƙafa da ya rasa, amma barci ya ƙaurace masa, mantuwa ta yi masa katutu, abu kaɗan sai ya harzuƙa. A ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, sau da yawa ba a ganin komai. A tambaye shi abin da ke damunsa, sai ya yi gum.

Da farko wasu sun ɗauka taurin kai ne irin na soja, wanda ke ganin kuka da ciwo abin kunya ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma bai isa ba, don har waɗanda suka zo da niyyar magana kalmomi kan gagare su.

An kamo bakin zaren tun 1996, lokacin da Scott Rauch da abokan aikinsa suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu fama da tabon firgici, wato ciwon da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, suna sauraron labarin abin da ya same su. Sashen tsoro ya ɗauki zafi, sashen Broca kuwa, mai harhaɗa magana, sai aikinsa ya ja baya. Ashe abin yana nan daram a ka, hoto ne da ƙara da wari, hanyar fitarsa ta baki ce ta toshe. Batun hoton da ba ya nuna komai kuma, sai a 2016 Daniel Perl da tawagarsa suka gano wani tabo na daban a ƙwaƙwalwar mamatan sojojin da bam ya tashi kusa da su, tabon da sai da madubin likita ake ganinsa.

To, in baki ya kulle, ta ina za a shiga? A cibiyar NICoE da ke asibitin Walter Reed a Bethesda, wadda aka buɗe a 2010, wata mai jinya ta hanyar zane, Melissa Walker, ta riƙa miƙa wa kowane soja farar fuskar takarda da fenti, ya yi wa fuskar abin da ya ga dama. Sai ga fuskoki an ɗinke musu baki, wasu da kwaɗo, wasu an raba su biyu. Daga nan sojan kan fara bayani, don yanzu ba kansa yake tonawa ba, labarin abin da ke kan tebur yake bayarwa.

Girija Kaimal ta Jami'ar Drexel da abokan aikinta sun bi diddigin fuskokin sojoji 370. Waɗanda suka zana raunin zuci sun fi tsananin ciwo, waɗanda suka sa alamar rundunarsu kuwa nasu da sauƙi. Ni a ganina wannan ne ya fi tayar da hankali, tunda ranar da soja ya tuɓe kaki ya koma gida, rundunar ce abu na farko da yake rasawa.