Tsohuwar Marsandi Ta Tashi, Saura Wanda Zai Gaji Kunnen Bakanike

Rabon gado ne ya sa muka buɗe garejin. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, da masu rabo suka nemi a lissafo duk abin da ya bari, sai babban wanmu ya tuna da ɗakin langa-langan da ke bayan gidanmu a Kano, wanda rabon da a taɓa kwaɗonsa an kusa shekara 30. Makulli ya daɗe da ɓata, sai da aka kira mai walda ya yanke shi. Da muka yaye tamfol ɗin da ƙurar hunturu ta rine, sai ga ta ɗore bisa bulo huɗu kamar yadda ya bar ta: Marsandi ƙirar 230.6, ruwan madara. Tayoyinta sun tsattsage, ɓeraye sun yi sheƙa a kujerar baya, amma tsatsa ba ta huda jikinta ko'ina ba. Busasshiyar iskar Arewa, wadda ke cinye roba, ita ce kuma ta tsare ƙarfen.

Kafin la'asar labari ya kai ga 'yan gwangwan, har sun aiko da tayi a kan kilo. Yaya ya ce a sallama musu, domin kuɗi ake rabawa, ba a raba mota. Hujjarsa ba ta da makusa. Ni dai na roƙi alfarmar wata guda. Na ce, "Yaya, a bari mu ji ko tana da sauran rai, in ya so kome aka yanke na yarda." Abin da na gani a cikin watan nan shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari in fara gabatar wa mai karatu da motar. Kamfanin Mercedes-Benz na Jamus ya fito da wannan ƙira a 1968, ya ci gaba da ƙera ta har 1976, kuma an yi kusan guda miliyan biyu idan aka haɗa duk nau'o'inta. Wasu masu silinda huɗu ne, wasu masu shida. A 1973 aka ƙara wa tamu lamba 6 a ƙarshen sunanta don a bambanta ta da 'yar'uwarta 230.4. Injinta, wanda kamfanin ke kira M180, tsatsonsa na komawa ga 1951. Girmansa lita 2.3 ne, ƙarfinsa doki 120, kafireto biyu ke shayar da shi, silinda shida kuma a jere suke reras kamar sahu.

Duk ɗan Nijeriya da ya san tarihi ya taɓa ganin irinta, ko da a hoto. Cikin baƙar 230.6 aka harbe Janar Murtala Ramat Muhammed a Legas, ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976, kuma an adana motar a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, da hujin harsasai a jikinta. Mahaifinmu, wanda ɗan kasuwar atamfa ne a Kantin Kwari, ya sayi tasa ne a 1975, shekarar da kuɗin Udoji suka cika aljihun ma'aikata suka kwararo kasuwa. A shekarar ce kuma aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna. Ya more ta shekara goma, sannan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo. Wahalar man fetur ta shekarun 1990 ce ta ƙarasa ta. Injin silinda shida ba ya azumi, sai Baba ya ɗora ta kan bulo da niyyar sauke ta idan abubuwa sun daidaita. Har ya koma ga Mahaliccinsa ba su daidaita ba.

Na ɗauka kayan gyara ne za su ba ni wahala. Ashe ba su ba ne. Tsakanin Ƙofar Ruwa da wani ɗan'uwa da ke Turai, fulogi da kwantak da robobin birki duk sun samu. Abin da ya yi wuya shi ne mutum. Bakanike na farko, matashi mai hazaƙa wanda ke duba mini motar da nake hawa, ya zo da 'yar na'urarsa ta binciken laifi, ya leƙa ƙarƙashin sitiyari yana neman inda zai jona ta. Babu. Sai a 1996 Amurka ta wajabta wa masu ƙera motoci sanya irin wannan majoni, ita kuwa wannan ta girme shi da shekara 20. Na biyu ya ce a cire injin gaba ɗaya a dasa na Toyota. Na uku ya zo da sabon batir zai murɗa makulli nan take, Allah Ya taimake ni wani dattijo maƙwabcinmu ya hana shi. Shi ne kuma ya yi mini kwatancen tsohon bakaniken mahaifinmu, wanda ya daɗe da barin gareji saboda ciwon gwiwa da raunin gani.

Da aka kawo shi, bai nemi makulli ba. Ya zagaya motar yana shafa ta, ya ce, "Malam, ai wadda ta yi barcin shekara talatin ba a tashin ta da tsawa." Ya sa jikansa ya kwance fulogi shida, ya ɗiga mai a kowace silinda, ya ce a bar ta kwana bakwai. Dalili kuwa shi ne baƙin man da ke jikin bangon silinda ya daɗe da tsiyayewa, ringi na iya mannewa, idan aka juya injin da ƙarfi a bushe sai su karye su kankare bangon. A rana ta takwas ya ɗora sifana a kan kiranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, ya lallaɓa ta gaba da baya har ta yi juyi guda cikakke. Daga nan aka sauke tanki aka wanke tsohon fetur da ya daskare kamar ƙaro, aka warware kafireto biyu bisa tabarma aka busa kowace ƙofa, aka juye baƙin mai, aka sauya robobin lagireto da wayoyin da ɓera ya gwaguya, aka goge bakin kwantak da samfefa.

Ranar da za a mayar da wayoyin fulogi, jikan ya rikice. Tsohon, yana zaune a kan benci, ya karanto masa lambobi kamar mai tilawa: ɗaya, biyar, uku, shida, biyu, huɗu. Da na koma ga littafin injiniyoyi, haka na tarar da tsarin bugun wutar injin silinda shida a jere. Fistin ɗinsa bibbiyu suke tafiya, na ɗaya da na shida, na biyu da na biyar, na uku da na huɗu, kowane biyu sun ba wa na gaba tazarar digiri 120, ta yadda girgizar wannan ke kashe ta wancan. A juyi guda na kiranshaf wuta na bugawa sau uku, inda mai silinda huɗu ke yin sau biyu. Shi ya sa irin wannan inji ba ya karkarwa. Tsohon bai taɓa shiga aji ba, amma da na karanta masa bayanin sai ya yi dariya ya ce, "To ai shi ne dakan luguden. Taɓarya uku a turmi ɗaya, kowace ta san lokacinta."

A murɗi na huɗu ta yi tari, a na biyar ta kama, hayaƙi ya turnuƙe bayan gida, yara suka ɗauki shewa. Hajiyarmu, wadda cikinta aka ɗauko ta daga asibiti ranar da ta haife ni, ta fito bakin ƙofa ta tsaya ba ta ce kome ba. Tsohon kuwa ya dafa doguwar sukudireba a jikin injin, ya kara kunnensa a ƙotarta, ya ce silinda ta biyar na misin. Aka duba, wayarta ce ba ta zauna ba. Ya daidaita kafireto biyun da kunne har numfashinsu ya zo ɗaya, sulo ya kwanta.

Ni ɗalibin harshe ne, saboda haka abin da ya fi ɗaukar hankalina a kwanakin nan shi ne bakin tsohon. Kalmomin garejin Hausa tarihi ne mai zaman kansa. Bahaushe ba ya bambanta sautin p da f, sai ya ce fulogi, fistin, famfo, Fijo. Ba ya yarda baƙaƙe biyu su cunkushe a farkon gaɓa, sai ya cusa musu wasali: birki, kuloci, sitiyari. Inda aro bai gamsar da shi ba, sai ya ɗauko jikin ɗan Adam ya shimfiɗa wa mota: tana da ƙafa, tana shan mai, tana tari, tana numfashi, tana mutuwa a kuma tashe ta. Wannan na nuna cewa mutanen da suka tarbi injin nan sun fahimce shi a cikin harshensu, sun kuma koyar da shi da harshensu, daga ubangida zuwa yaro, ba tare da allo ba. Tun daga ƙamusun Bargery na 1934 zuwa na Jami'ar Bayero na 2006, an yi aiki babba wajen tattara kalmomin Hausa. To amma ƙamus kalma yake adanawa. Yadda ake gane ƙarar bawul daga ƙarar sarƙar taimin, wannan a kan tsofaffi kaɗai yake, kuma duk shekara muna kai su makwanci.

Kada mai karatu ya ɗauka kewar jiya ce ta rufe mini ido. Motar nan ba ta da jakar iskar kariya, tana fitar da hayaƙi fiye da kima, kuma tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, malamin jami'a da ya ce zai riƙa zuwa aiki da ita ya shirya wa gidansa yunwa. Matasan kanikawa ma ba su da laifi, motocin zamaninsu suka koya, kuma sun iya. Damuwata ita ce na'ura lamba take nunawa, shi kuwa tsoho dalili yake bi, daga mai zuwa iska zuwa wuta. Wanda ya san dalili zai iya gyara janareta da injin ban ruwa da tarakta a ƙauyen da babu kwamfuta. Wanda lamba kawai ya sani, abin da zai iya shi ne cire wannan a sa sabo, sabon kuma da dala ake sayen sa.

Shawarata ga abokan aikina ba mai tsada ba ce. Kowace shekara sassan Hausa na jami'o'inmu na tura ɗalibai rubuta kundi. Me zai hana a haɗa ɗalibin harshe da ɗalibin injiniya, a tura su Ƙofar Ruwa da Fanteka ta Kaduna da wayar hannu, su naɗi muryar tsofaffin kanikawa suna aiki suna bayani, a fitar da littafin koyon sana'a da Hausa? Kwalejojin fasaha kuma su gayyaci irin waɗannan dattawa aji, a biya su ladan da ya dace da malami.

Game da motar, mun daidaita da 'yan'uwa. An yi mata kuɗi an cire daga rabona. Yaya dai har yanzu yana ganin na yi asara, wataƙila kuma da gaskiyarsa. Duk ranar Asabar nakan ɗauko tsohon da jikansa, mu buɗe bonet, in ajiye wayata a kan benci tana ɗauka. A makon jiya yaron ne ya fara jin ƙarar bawul ɗin da ya saki, kafin kakansa ya buɗe baki. Allah Ya ƙara wa tsohon lafiya, Ya ba mu ikon kwashe abin da ke kansa tun yana tare da mu.