Wa ke zaɓen alƙalin da zai yi maka shari'a? Abubuwan da ya kamata ka sani

Daga Tunuga zuwa Gaya

Idan rikicin iyakar gona ya gagari mai gari da sarki a Tunuga, sai a ɗunguma zuwa kotun Gaya. Alƙalin da za a tarar can jarrabawa ya ci, aka horar da shi, aka turo shi daga Yamai. A shari'ar gona ko gado, masana al'ada kan zauna gefensa su ba shi shawara, amma hukunci nasa ne. To shi kuma, da shawarar wa aka naɗa shi?

Tsarin Nijar na 2010

A ƙarƙashin tsarin mulkin 2010, ministan shari'a ke gabatar da suna, majalisar ƙoli ta alƙalai ta ba da ra'ayi, shugaban ƙasa ya sa hannu. Sai dai shi shugaban ƙasar ne ke jagorantar majalisar, ka ga ke nan mai neman shawara shi ne uban masu ba da ita.

A kotun tsarin mulki ne aka buɗe wa na waje ƙofa sosai. Cikin mambobi 7, shugaban ƙasa ya kawo 1, shugabannin majalisar dokoki 1, alƙalai su zaɓi 2 cikinsu. Sauran 3 kuwa lauyoyi, malaman jami'a masu koyar da doka da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam ke zaɓensu, kowane rukuni da nasa. Wa'adinsu shekara 6 ne, ba sabuntawa. Wanda ya tuna yadda shugaba Tandja Mamadou ya rusa kotun tsarin mulkin da Salifou Fatimata Bazeye ke jagoranta a 2009, saboda ta ƙi amincewa da ƙuri'ar tazarce, ya san amfanin alƙalin da mai mulki bai iya juyawa. An jingine wannan tsarin mulki bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023.

Ƙetaren iyaka

A Najeriya, majalisar alƙalai ta ƙasa, NJC, mai ba da shawarar naɗin alƙalai, tana da lauyoyi 5 da mutum 2 da ba lauyoyi ba cikin mambobinta. Lauyoyin ƙungiyarsu ke gabatar da su, su kuwa mutum 2 alƙalin alƙalai ne ke ɗauko su da kansa.

Inda gizo ke saƙa

A ganina hanyar kotun tsarin mulkin Nijar ta fi, domin wanda takwarorinsa suka zaɓa bai jin nauyin mai mulki kamar wanda aka ɗauko. Ina roƙon masu rubuta sababbin dokokin Nijar su riƙe wannan hanya, su faɗaɗa ta har ga naɗin alƙalan ƙananan kotuna irin ta Gaya, a kuma riƙa bayyana wa jama'a sunayen masu ba da shawarar.