Rodi, Raga ko Zare: Me Ya Dace a Sa Cikin Teburin Kankare na Gida?

Gabatarwa

A garuruwan kudancin Jihar Kano, tun daga Bebeji da Ƙiru har zuwa Tudun Wada da Doguwa, teburin kankare ba baƙon abu ba ne. Akan gan shi a madafar gida, da rumfar mahauta, da wurin mai shayi, da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na makarantun sakandare. Dalilin karɓuwarsa a fili yake: gara ba ta cin sa, ruwa ba ya ruɓar da shi, ga shi kuma da sauƙin wankewa. A gari irin Riruwai, wanda duwatsu suka kewaye, samun tsakuwa ba abin wahala ba ne, saboda haka magidanci kan sayi siminti, ya kira birkila, a zuba masa tebur a tsakar gidansa.

Sai dai kuma wani teburin kan shekara ashirin lafiya lau, wani kuwa kafin damina biyu ya tsage. Idan haka ta faru, yawanci akan ɗora wa siminti laifi. Amma sau da yawa laifin na ƙarfen da aka sa a ciki ne, wato irinsa da kuma wurin da aka ajiye shi. Wannan batu ba na wasa ba ne, domin kankaren da ya kai mita 1 a tsawo da faɗi da kauri yana da nauyin kilo 2,400 ko kusa da haka. Ke nan tebur mai tsawon santimita 150, faɗin 60, kaurin 5, zai kai kilo 108, fiye da buhun siminti biyu. Idan irin wannan ya karye a kan ƙafar mai girki, ko a kan yaron da ke wasa a ƙarƙashinsa, abin ya wuce asarar kuɗi.

Ƙarfin kankare da rauninsa

Kankare haɗi ne na siminti da yashi da tsakuwa da ruwa. Idan ya ƙame yakan zama tamkar dutse, kuma halinsa ɗaya da dutse: yana jure danni ƙwarai, amma ba ya jure ja. Ƙarfinsa na jure ja bai wuce kashi 1 cikin 10 na ƙarfinsa na jure danni ba. Shi ya sa ginshiƙin kankare ke ɗaukar bene, amma siririn allon kankare da aka gitta a kan bulo biyu yana iya karyewa idan babban mutum ya hau tsakiyarsa.

Magina na gargajiya sun daɗe da sanin irin wannan rauni a jikin ƙasa. Don haka ne idan za su yi rufin soro sukan fara jera azara, sa'an nan su ɗora ƙasa a bisa. Haka kuma sukan cuɗa ciyawa a cikin kwaɓin ƙasa don ta hana shi tsattsagewa. A Turai ma a kan wannan tunani aka bi. Wani birkila mai suna Joseph Aspdin, mutumin Leeds ta Ingila, shi ya yi rajistar simintin da ake kira Portland a shekarar 1824. Bayan haka, a 1867, wani mai aikin lambu a Faransa, Joseph Monier, ya yi rajistar dabarar sa ragar ƙarfe a cikin manyan tukwanen shuka na siminti. Yana cikin mutanen farko da suka buɗe hanyar kankare mai ƙarfe da ake gina gadoji da benaye da shi a yau.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa ƙarfe ne ya fi dacewa? Dalilai uku ne. Na farko, ƙarfe yana jure ja. Na biyu, kankare yana kama jikinsa gam, musamman rodi mai zane a jiki. Na uku, idan zafi ya ƙaru su biyun suna buɗewa kusan daidai da juna: ƙarin zafi na digiri 10 yakan ƙara wa mita ɗaya ta ƙarfe kimanin milimita 0.12, kankare kuma kimanin 0.10. Da bambancin yana da yawa, da zafin bazara da sanyin hunturu sun raba su.

Ina ya kamata ƙarfen ya zauna?

Duk wanda ya taɓa karya rake a gwiwa ya san amsar wannan tambaya, ko da bai lura ba. Gefen da ke jikin gwiwa matsewa yake yi, gefen da ke nesa da ita kuwa miƙewa yake yi, kuma ta nan raken ke fara tsagewa. A teburin da aka ɗora bisa katanga biyu, kayan da ke kai su ne gwiwar. Saman allon yana matsewa, ƙasansa yana miƙewa, tsakiyar kaurinsa kuwa ba ta matsewa, ba ta miƙewa. Saboda haka wurin ƙarfe shi ne kusa da ƙasa. Wanda ya sa shi a tsakiyar kauri ya ajiye shi inda aikinsa bai taka kara ya karya ba, wanda kuma ya sa shi a sama kusan daidai yake da wanda bai sa ba.

Akwai wurare uku da ke bukatar kula ta musamman. Na ɗaya, leɓen tebur da ya zarce katanga ba tare da tokari ba. A nan al'amarin juyawa yake yi, sama ne ke miƙewa, don haka ƙarfen wannan ɓangare a sama zai zauna. Na biyu, idan an bar rami don kwanon wanke-wanke, tsaga takan taso daga kusurwoyin ramin, saboda haka a gitta guntun rodi a karkace a kowace kusurwa. Na uku, wasu sukan zuba teburin a kife a kan katako mai santsi don fuskarsa ta yi kyau, daga baya su juya shi. Mai yin haka ya tuna cewa saman zubi shi ne zai zama ƙasan tebur. Haka kuma wajen ɗauka, a ɗauki allon a tsaye ta gefensa kamar yadda ake ɗaukar gilashi.

Abubuwan da ake zaɓa a ciki

Rodi shi ne abin da aka fi sani, kuma a nan ne aka fi yin kuskure, domin mutane suna zaton gwargwadon kaurin rodi, gwargwadon ƙarfin tebur. Bari mu yi lissafi. Idan aka gitta rodi mai milimita 12 a kan ɗan'uwansa, sun cinye santimita 2.4. A tebur mai kaurin santimita 5, abin da ya rage na kankare shi ne santimita 2.6, wato 1.3 a sama, 1.3 a ƙasa. Ga shi ƙarfen ya koma tsakiya, ga shi lulluɓinsa bai isa ba. Sa'ad da kankare ke bushewa yakan ɗan tsuke, rodin kuwa ba ya tsukewa, sai tsaga ta bi layinsa har a iya gane inda yake daga waje. Idan kuwa rodi mai milimita 6 aka gitta, santimita 1.2 kawai zai ci, a bar masa lulluɓin santimita 1.5 a ƙasa, kuma ya zauna inda ake bukatarsa. A jera shi da tazarar santimita 15, a ɗaure da wayar ɗauri, kuma waɗanda suka tashi daga wannan katanga zuwa waccan su ne za su kasance a ƙasa. Rodi mai milimita 8 ko 10 ya fi dacewa da allon da kaurinsa ya kai santimita 7.5 zuwa 10.

Ragar ƙarfe da aka yi wa walda, mai waya ta milimita 3 ko 4, ita ma ta dace da siririn tebur, domin tana rarraba ƙarfe ko'ina. Sharaɗinta shi ne ta miƙe sosai kafin a sa ta, saboda wadda aka yanko daga naɗi takan lanƙwashe ta leƙo waje.

Wayar kejin kaji kuwa siririya ce ƙwarai, kuma saƙarta tana miƙewa idan an ja ta. Shimfiɗa ɗaya tata tana riƙe gutsattsarin kankare kada su watse, amma ba ta ɗaukar nauyi. Ba ta zama abin dogaro sai an jera ta rufi-rufi a cikin kwaɓi mai yawan siminti, irin yadda ake gina wasu tankunan ruwa.

Sai kuma zare. Akwai gajerun zaruruwan roba da ake zubawa a cikin kwaɓi. Aikinsu irin na ciyawar maginin ƙasa ne, wato rage ƙananan tsagogin da ke fitowa sa'ad da kankare ke ɗanye, amma ba sa maye gurbin rodi. Akwai kuma zaren gilas, sai dai dole ya zama irin wanda aka yi musamman don siminti, in ba haka ba kaifin siminti zai cinye shi. Wannan kaifin yakan raunana zaren rama da makamantansa bayan 'yan shekaru.

Wasu abubuwa kuwa guje musu ya kamata a yi baki ɗaya. Gora takan sha ruwa ta kumbura, ta bushe ta tsuke, ta saki kankaren. Alminiyam ba ya jituwa da ɗanyen siminti. Tsohon ƙarfe mai maiƙo ko fenti, ko wanda tsatsa ke ɓarewa daga jikinsa, kankare ba ya kama shi.

A nan yana da kyau a san cewa ƙarfe ba shi kaɗai ke ba tebur ƙarfi ba. Idan aka ninka tazarar da ke tsakanin katangu biyu, wahalar da tsakiyar allon ke sha takan ninku sau huɗu. Don haka, ga tebur mai kaurin santimita 5, kada tazarar ta wuce kimanin mita 1. Ƙara katanga ta uku a tsakiya ya fi arha, ya kuma fi amfani, bisa ga ƙara rodi. Abin da ya zarce haka, kamar murfin rijiya ko na shadda da mutane za su riƙa takawa, a nemi shawarar injiniya.

Tsatsa, babbar abokiyar gaba

Sabon kankare yana da kaifi irin na ruwan toka, wanda a ma'aunin pH yakan kai 12 zuwa 13. Wannan kaifi ne ke kāre ƙarfe daga tsatsa. Amma a hankali iskar da muke fitarwa wajen numfashi, wadda ake kira kabon-dayoksaid, tana ratsa kankare tana kashe kaifin. Gishiri ya fi ta ɓarna, ga shi kuwa teburin madafa da na mahauci kullum cikin ruwa da gishiri suke. Tsatsa takan ci wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, ninki biyu ko fiye, sai ta tura kankaren daga ciki har ya fashe. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to haka ruwa yake da kankare. Wannan ya fi shafar yankin Doguwa, inda ruwan sama ya fi na birnin Kano yawa.

Maganin abin shi ne lulluɓi da kwaɓi mai kyau. A ɗora ƙarfen a kan 'yan gutsattsarin siminti masu kaurin santimita 1.5 zuwa 2, kuma kada bakinsa ya taɓa katakon gefe. A kwaɓa kwano 1 na siminti da 2 na yashi da 3 na tsakuwa, tsakuwar kuma kada girmanta ya wuce santimita 1. Kada a cika ruwa, domin ruwan da ya yi yawa yakan bar ƙofofi idan ya ƙafe. A bubbuga katakon don iska ta fita. Mutanen Riruwai su kula da wani abu: dutsen da ake haƙo kuza a cikinsa yana ɗauke da ma'adinan tutiya da darma masu haɗe da farar wuta. Saboda haka tarkacen bakin ramukan haƙa bai dace da teburin da za a ɗora abinci a kai ba. A nemi yashin rafi mai tsabta da tsakuwar dutse mara gauraye.

Bayan zubi, a lulluɓe teburin da jiƙaƙƙen buhu ko leda, a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, musamman da hunturu. Siminti ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce. Sai ya kwana 28 kafin a ɗora masa kaya masu nauyi.

Gwaji a aji

Gani ya kori ji. Malami zai iya sa ɗalibai su zuba sanduna uku na siminti da yashi, kowace mai tsawon santimita 50, faɗin 5, kaurin 3. Ta farko a bar ta haka, ta biyu a sa mata waya biyu kusa da ƙasa, ta uku a sa mata irin wayar kusa da sama. Bayan kwana 28 a gitta kowace a kan bulo biyu, a rataya bokiti a tsakiyarta dab da ƙasa, a riƙa zuba yashi har ta karye, sa'an nan a auna yashin. Ɗalibai su lura da abu biyu: wacce ta fi ɗaukar nauyi, kuma wacce ta karye farat ɗaya, wacce ta fara tsagewa ta ba da gargaɗi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za mu ga cewa zaɓen ƙarfe yana bin kaurin tebur ne da tazarar katangunsa. Ga siririn teburin gida, rodi mai milimita 6 ko ragar walda sun wadatar, muddin sun zauna a gefen da ke miƙewa, kuma kankare ya lulluɓe su sosai. Da zarar an zuba kwaɓi, ƙarfen ya ɓuya ke nan, babu sauran gyara. Don haka ɗalibin da za a yi irin wannan aiki a gidansu ya tsaya kusa da birkila tun kafin a ɗauko shebur, ya duba inda rodin ya zauna. Tun ran gini, ran zane.