Karatun tsara zane: Abin da ya kamata iyaye su duba kafin zaɓa wa yaro makaranta

A duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta buɗe rajistar jarabawar shiga manyan makarantu, akan sami gidaje da dama a Kubwa, Nyanya da Gwagwalada inda yaro zai ce shi zane yake son karantawa, mahaifinsa kuma ma'aikacin gwamnati ya yi shiru yana lissafi. Ga wanda ya saba jin likita, lauya da injiniya, zane na iya zama kamar wasan yara. Sai dai tambarin ma'aikatarsa, da bangon rahoton shekara da ke kan teburinsa, da allon da ake kafawa a zauren taro, duk aikin mai tsara zane ne, kuma biyansa aka yi.

Sana'ar dai tana ciyar da mai ita. Inda wahalar take shi ne zaɓen makaranta, domin wanda ya kammala wannan karatu alƙalai biyu ne ke jiransa. Gwamnati takarda take tambaya. Kamfanonin talla da maɗaba'u kuwa kundin ayyukansa suke son gani, wato samfurin abin da hannunsa ya taɓa yi. Makarantar kirki ita ce wadda za ta sallame shi da duka biyun.

Nijeriya tana da tsofaffin gidajen wannan ilimi. Kwalejin Fasaha ta Yaba da ke Legas, wadda aka kafa a 1947, tana da makarantar zane da ɗab'i da marigayi Yusuf Grillo ya daɗe yana jagoranta. A Zariya, tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ake koyar da zane a kwalejin da ta gabace ta, inda a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da shi Grillo suka kafa ƙungiyar da ta sauya fuskar zane a ƙasar nan. A yau sashen tsara kayan masana'antu na jami'ar yana koyar da zanen talla da ɗab'i tare da fannonin yadi, tangaran da gilashi. Akwai kuma sashen zane na Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, da Foliteknik ta Auchi a jihar Edo, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure.

Amma suna kaɗai ba ya wadatarwa. Abu na farko da za a bincika shi ne amincewar hukuma. NUC ce ke tantance kwasa-kwasan jami'o'i, NBTE mai hedikwata a Kaduna kuma ke kula da na foliteknik. Tantancewar kwas-kwas ake yin ta, don haka makaranta na iya kasancewa da rajista alhali kwas ɗin da yaro ke nema bai samu amincewa ba. Wanda ya faɗa wannan rami yana iya rasa damar yi wa ƙasa hidima, ba tare da shaidar hidima ko ta yafewa ba kuwa ƙofar aikin gwamnati a rufe take ga mai digiri. Haka nan a yi hattara da digirin gaggawa na ƙetare: a watan Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri daga Kwatano cikin 'yan makonni.

Abu na biyu shi ne zaɓi tsakanin jami'a da foliteknik. A foliteknik ana yin ƙaramar difloma shekara biyu, a fita aikin koyon sana'a shekara guda, sannan a dawo babbar difloma shekara biyu. Digiri shekara huɗu ne, a jami'o'in fasaha kuma biyar. An san foliteknik da yawan aikin hannu. To amma ma'aikatan tarayya sun fi kowa sanin bambancin da aka daɗe ana nunawa tsakanin takardun biyu, inda mai babbar difloma kan tsaya a matakin albashi na 14, mai digiri kuma ya iya kaiwa na 17. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin kawar da wannan bambanci a 2021, amma shugaban ƙasa na wancan lokaci bai sa masa hannu ba. Yaron da ke hangen aikin gwamnati ya sa wannan a ma'auni. Wanda burinsa buɗe kamfaninsa ne, abin bai dame shi sosai ba.

Abu na uku, gani ya kori ji. Kafin a cike sunan makaranta, yana da kyau uba ko uwa su taka da kansu tare da yaron su shiga ɗakin zane. A duba ko kwamfutoci suna aiki, ɗalibai nawa ke raba guda ɗaya, kuma me ake yi idan an ɗauke wuta. A nemi ganin ayyukan 'yan ajin ƙarshe, domin su ne madubin abin da malamai suka koyar. A tambayi ko ana fara karatu da fensir da takarda, da ilimin launi da tsarin haruffa, ko kuwa manhaja kawai ake nuna wa ɗalibi. CorelDRAW, Photoshop, Illustrator da Figma kayan aiki ne masu sauyawa, ga kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke fitar da hoto cikin daƙiƙa. Ɗalibin da ya san dalilin da ya sa ja mai haske a allon kwamfuta ke dushewa a kan takarda, ya kuma iya jera rubutu yadda ido zai bi shi ba gajiya, shi ne zai daɗe ana nemansa. Ga ɗan Hausa akwai ƙarin riba: haruffan ɓ, ɗ da ƙ har yanzu suna wargajewa a allunan talla da yawa, kuma mai zanen da ya iya sarrafa su, har da ajami, yana da kasuwar da ba kowa ke shigarta ba.

Sai batun inda ɗalibi zai yi aikin koyon sana'a na shirin SIWES. Makarantar da ke da alaƙa da maɗaba'un Shomolu a Legas, ko kamfanonin talla, tana buɗe wa ɗalibinta ƙofar da aji ba ya buɗewa. A can yake koyon yanka farashi, da cika alƙawari, da haƙuri da mai aikin da ke sauya ra'ayi sau uku a yini.

Lissafin kuɗi ma bai tsaya ga kuɗin makaranta ba. Akwai kwamfutar tafi-da-gidanka mai ƙarfi, fenti, takardu, kuɗin buga aiki da na intanet. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024 na ɗaliban makarantun gwamnati ne. Su kuma makarantun gwamnati suna da nasu ƙalubalen, kamar yajin aikin ASUU na 2022 da ya ci wata takwas.

Gaskiya ne ana iya shahara ba tare da wannan takarda ba. Lemi Ghariokwu, wanda ya zana bangon fayafayen Fela Kuti, koya wa kansa ya yi. Cibiyoyin horo na wata uku ko shida ma suna da amfani ga mai son ƙarin ƙwarewa, muddin an san shaidarsu ba ta kai mutum hidimar ƙasa. Yaron da ke aji biyar ko shida na sakandare zai iya fara tara ayyukansa tun yanzu, ya kuma buɗe littafin jagora na JAMB ya ga darussan da kowace makaranta ke nema, domin sharuɗɗan sun bambanta. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, kuma iyayen da suka yi wannan bincike kafin rajista sun kare wa ɗansu shekarun da kuɗi ba ya dawo da su.