Yadda Manhaja Ke Gano Sunayen Layukan Jadawali

Duk wanda ya taɓa buɗe rajistar aji ya riga ya san fasalin rumbun bayanai na kwamfuta. Kowane ɗalibi yana da layinsa na kwance, kowane layin tsaye kuma da sunansa a bisa: suna, shekaru, maki. Edgar Codd na kamfanin IBM ne ya shimfiɗa wannan tsari a shekarar 1970.

Mai gina shafin intanet yakan bukaci jerin sunayen nan, misali domin fitar da sakamakon jarrabawa. Idan da hannu ya jera su, daga baya aka ƙara layin makin gwaji, to sakamakon zai fito babu makin, kwamfuta kuwa ba za ta ce uffan ba.

Maganin wannan shi ne a bar manhaja ta tambaya da kanta, domin rumbun yana ajiye bayanin kowane jadawali da ke cikinsa. A Ruby on Rails, wanda David Heinemeier Hansson ya fitar a 2004, umurnin column_names ne ke kawo jerin sunayen daga rumbun, har da sabon layin da aka ƙara.