Likitan fiɗa da littafin lissafinsa: yadda kumburin muƙamuƙin yara ya buɗe sabon babi a binciken ciwon daji

A shekarar 1957, a asibitin Mulago da ke Kamfala a ƙasar Yuganda, aka kira wani likitan fiɗa mai suna Denis Burkitt ya duba wani ƙaramin yaro da muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa, hagu da dama. Ya duba, ya ɗauki hoto, bai gane kan ciwon ba. Ba a daɗe ba sai ya sake cin karo da wani yaron mai irin wannan kumburi a wani asibitin, wannan karon har da ƙari a cikinsa. Wani likitan da sai ya ce ikon Allah, ya wuce ga majinyaci na gaba. Burkitt kuwa sai ya koma kan tsofaffin takardun asibiti yana ƙirga yaran da aka taɓa kawowa da irin wannan larura. A 1958 ya wallafa bayanin yara 38 a wata mujallar likitocin fiɗa ta Birtaniya. Ciwon dajin da ke ɗauke da sunansa a yau ke nan.

Fiɗar kai da wuya fanni ne mai wuyar sha'ani. A ɗan wurin da bai wuce tafin hannu biyu ba akwai hanyar numfashi, hanyar abinci, harshe, maƙogwaro, manyan jijiyoyin jini masu zuwa ƙwaƙwalwa, da jijiyoyin da ke motsa fuska. Duk abin da likita ya yanke, wani abu zai rage wa mutum: murya, haɗiya, ko kamannin da danginsa suka san shi da su. Shi ya sa mai wannan aiki ba ya rabuwa da tambayar ko akwai wata hanyar da ta fi wuƙa. Amsar kuma ba a ɗakin tiyata ake samunta ba, sai an tara bayanan majinyata da yawa an kwatanta.

Burkitt, ɗan ƙasar Ayalan, wanda ya rasa ido ɗaya tun yana yaro, ba shi da ɗakin gwaje-gwaje. Abin da ya yi shi ne buga takardu masu hoton yaran ya aika wa asibitoci a faɗin Afirka yana tambaya ko sun taɓa ganin irin wannan. A 1961 shi da abokansa likitoci biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, suka shiga wata tsohuwar mota ƙirar Ford, suka yi tafiyar kimanin kilomita 16,000 cikin mako goma, suka ziyarci asibitoci fiye da hamsin a gabashi da kudancin nahiyar. Da suka ɗora sakamakon a kan taswira sai ya bayyana cewa ciwon yana bin wurare masu zafi da damshi, yana kuma ƙaranci a kan tsaunuka masu sanyi. Da ya zo yammacin Afirka ya tarar da shi da yawa a kudancin Nijeriya, amma da ƙaranci a yankin Kano inda ruwan sama bai kai na kudu ba. Taswirar ta yi kama da ta sauro, kuma daga baya aka tabbatar da cewa zazzaɓin cizon sauro mai yawan maimaituwa yana da hannu a ciki.

A watan Maris na 1961 Burkitt ya gabatar da lacca a wani asibiti a Landan. Cikin masu sauraro akwai Anthony Epstein, wanda ya roƙi a riƙa aiko masa da ɗan yankin ƙarin daga Kamfala ta jirgin sama. A 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano ƙwayar bairos a cikin tsokar, ita ce ta farko da aka alaƙanta da ciwon daji a jikin ɗan Adam. Kusan kowane baligi a duniya yana ɗauke da ita ba tare da ta cutar da shi ba; sai ta haɗu da zazzaɓin da ke raunana garkuwar jikin yaro hatsarin ke ƙaruwa.

A ganina, abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda waɗannan likitocin fiɗa suka amince cewa wuƙarsu ta gaza. Wannan ƙari na iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma kafin a ga kumburin fuska sau da yawa ya riga ya bazu zuwa ciki. Yanke muƙamuƙin yaro ba ya tsayar da shi. Burkitt a Kamfala, Peter Clifford, likitan kai da wuya a Nairobi, da Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru da ke koyar da fiɗa a Jami'ar Ibadan, suka gwada magungunan ciwon daji irin su cyclophosphamide, suna rubuta abin da ya faru da kowane yaro. Sai ga kumburi yana sacewa cikin 'yan kwanaki, wasu yaran ma suka warke sarai. A 1972 Burkitt da Ngu suna cikin waɗanda suka karɓi lambar yabo ta Lasker a Amurka. Ngu ya koma gida ya shugabanci Jami'ar Yawunde, ya kuma riƙe muƙamin ministan lafiya. A ƙarshen rayuwarsa ya yi iƙirarin samo rigakafin cutar ƙanjamau, amma masana ba su karɓa ba saboda rashin gamsasshiyar hujja. Sunan da mutum ya yi a baya ba ya tsaya masa a wannan fage.

Matashin da ke sha'awar wannan hanya a yau zai tarar da bincike a cikin tsarin karatun. A ƙasashe masu amfani da Faransanci, bayan digirin likita ana yin shekaru na ƙwarewa a fannin kunne, hanci da maƙogwaro haɗe da fiɗar fuska da wuya, kuma mai son zama farfesa sai ya gabatar da rubuce-rubucen bincikensa a jarrabawar hukumar CAMES. A Gana da Nijeriya, Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Yammacin Afirka tana neman kundin bincike kafin ta ba da shaidar ƙarshe. Matsalar ita ce lokaci. Likitan da layin majinyata ke jiransa tun asuba, yaushe zai zauna ya cike rajista? Ga ƙarancin masu duba tsoka a ƙarƙashin madubin gwaji, ga iyalan da ke ketare iyaka neman magani, su koma gida babu wanda ya san yadda ta kaya da su.

Duk da haka aikin bai tsaya ba. Ƙungiyar GFAOP, wadda aka kafa a 2000, ta haɗa sassan kula da ciwon dajin yara na ƙasashen Afirka masu magana da Faransanci a kan tsarin magani ɗaya. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ciwo cikin guda shida da ta fi ba wa fifiko, da burin kashi 60 cikin ɗari na yara masu ciwon daji su rayu nan da 2030.

Ƙarancinsa a busassun yankuna ba ya nufin babu shi, balle ga iyalanmu da ke zaune a Kumasi, Duwala ko Yawunde. A gida akan ɗauke shi hangum ko ciwon haƙori, a shafa magani, ko a kai yaro a cire masa haƙorin da ke girgiɗi. Hangum yakan sace cikin mako ɗaya zuwa biyu. Kumburin muƙamuƙi ko na ido da ke ƙaruwa kullum, haƙora na girgiɗi babu dalili, ko ciki na kumbura, a kai yaron babban asibiti a cikin makon, a kuma nemi a ɗauki ɗan yankin tsokar a gwada kafin a cire haƙori ko a yi wata fiɗa.